Haƙurin Vonda

Orville Stamey ya kai shekara saba'in da takwas bai taɓa sayar da abu a lalace ba. Ko kare zai ba wani sai ya yi masa wanka tukuna. Don haka da ya yanke shawarar rabuwa da motar tserensa, abin da ya fara yi shi ne ya rufe kansa a gareji tun daga zubar ganye har narkewar ƙanƙara, yana gyara.

Dalilin sayarwar gwiwoyin matarsa ne. Gidansu a kan tudu yake, kamar yawancin gidajen mutanenmu na duwatsun gabashin Tennessee, waɗanda kakanninsu suka ga fili shimfiɗe suka wuce shi, suka je suka yi gini a inda akuya ma sai ta tsaya ta yi tunani. Daga hanya zuwa ƙofar kicin doguwar matakala ce ta katako, daga kicin zuwa lambu wata matakalar. Vonda ta hau ta sauka shekara hamsin da ɗoriya ba ta yi ƙorafi ba, sai bara da likita ya duba ƙafafunta ya ce ko dai a sauya gida, ko a nemo mai goya ta. Akwai wani ɗan gida a cikin gari, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, katanga ɗaya da gidan ƴarsu Darlene. Mai shi ɗan cocinsu ne, ya ce zai jira su har girbin taba, amma ba zai wuce nan ba, don shi ma yana da inda za shi. Tudun kuwa ba ya sayuwa, gado ne tsakanin Orville da ƴan'uwansa, mutanen da tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Abin da ya rage a hannunsa mai daraja motar ce kaɗai. Kuma tun suna sabon aure, duk ranar da kuɗin labule ko na firji suka rikiɗe suka zama tayoyi, sai ya ce wa Vonda ta kwantar da hankalinta, wata rana motar nan za ta biya ta. Ya faɗa ya maimaita har ya zama kamar gaisuwa. Yanzu ga ranar ta zo, kuma Orville ba mutum ba ne da yake son a ce maganarsa ta faɗi ƙasa.

Motar Willys ce ƙirar 1941, ƴar ƙarama mai ƙofa biyu, gabanta a ɗage kamar tana jin wari. Tseren da aka gina ta dominsa ba shi da kwana, ba shi da wata dabara: mota biyu gefe da gefe, miƙaƙƙiyar hanya kwatan mil, wanda ya riga kaiwa ƙarshe shi ne mutum. A wancan zamani kowane ɗan tsere sai ya sa a rubuta wa motarsa suna a jikin ƙofa, kuma masu wayo sunan matansu suke sawa, don a samu abinci idan an dawo gida. Tasa ya sa mata Haƙurin Vonda. A 1966 wasu manyan ƴan tsere suka zo daga arewa, irin waɗanda kamfani ke ba su mota ya kuma ba su albashi. Orville ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kayar, da motar da shi da ƙanin matarsa Delmer Huskey suka haɗa a ƙarƙashin bishiya. Wani ya ɗauki hoto daidai lokacin da ta zabura, tayoyin gaba a sama, kuma hoton nan ya zaga ƙasar fiye da yadda Orville ya taɓa zagawa.

To, ga inda maganar take. A wajen ɗan tsere, duk abin da ya rage wa mota gudu shara ne. Ba ya kallonsa sau biyu. Da ta kife da shi a 1969, sai ya cire bodin, wato gangar jikinta, ya ja shi bayan rumbu, ya ɗora wani. Da firam ɗin ƙarfe na ƙasa ya fara murɗewa, ya yi sabo mai ƙarfi. Inji kuwa ya sauya har ya daina lissafi. A sanyin nan na ƙarshe ya duba abin da ya rage na da, ya ga kunya ce a kai wa mai saye: ya cire tsohuwar kujera, ya cire agogunan gaban direba da suka yi hazo, ya sa sababbi, ya zuba wani inji da bai taɓa samun kamarsa ba a ƙuruciyarsa, ya fesa jan fenti mai ɗaukar ido, ya kira wani ƙwararre ya sake rubuta sunan da haruffa masu ruwan zinariya. Da ya gama ya tsaya ya kalle ta, ya san bai cuci kowa ba.

Darlene ce ta sa tsohon hoton a intanet. Masu kira suka yi yawa, amma ɗaya ne ya ce ga shi nan tafe, wani Gene Brubaker daga Ohio, mai sayen tsofaffin motocin tsere yana jera su a wani ƙaton zaure mutane su biya su kalla. Orville bai ga hankali a cikin wannan sana'a ba, amma ba hankalin mutumin yake nema ba.

Brubaker ya iso da hantsi, janye da tirela. Dattijo ne mai furfura, ya ba sittin baya, mai ladabi, ya cire hula ya gaishe da Vonda kafin ya tambayi mota. Delmer ya riga ya zo, don ba a yin abu a gidan yayarsa babu shi, ya samu wuri a bakin gareji ya jingina. Orville ya yaye mayafin motar, ya shiga, ya tayar da ita. Gilasan gidan suka yi rawa, kaji suka watse, karen Delmer ya nufi gida bai waiwayo ba. Ya bar ta ta yi ruri sosai, sannan ya kashe ya fito yana share hannu.

Baƙon ya zagaya ta a hankali. Ya ƙwanƙwasa ƙofar da ɗan yatsa, ya ji ba ƙarfe ba ne, faiba ce, wannan robar mara nauyi. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa ya daɗe. Ya buɗe gaba ya rufe. Daga nan ya nemi wani bokiti da ke kife ya zauna a kai.

"Mista Stamey," ya ce, "ina motar?"

"Ga ta a gabanka."

Brubaker ya ce yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya ɗora shi a kafaɗa a ranar nan ta 1966. Ya ce har yanzu yana ganin lotsawar da ke bayan tayar hagu, da yadda fentin harafin farko na sunan Vonda ya ɗan zubo ƙasa, don wanda ya rubuta hannunsa ya yi rawa. Delmer ya ce shi ne ya rubuta, kuma ba rawa hannunsa ya yi ba, iska ce. Orville ya ce duk an gyara waɗannan. Ya shiga lissafa abin da ya sauya, ɗaya bayan ɗaya, cikin alfahari, kamar mai karanta sunayen jikokinsa. Duk abin da ya ambata sai kafaɗun baƙon su ƙara sauka.

"Ta fi ta da gudu, nesa ba kusa ba," Orville ya ce. "Waccan da kake magana, wannan za ta bar ta a tsaye."

"Na yarda, yallaɓai. Aikinka ya yi kyau, ban ga abin kushewa ba. Amma irin wannan kowa da kuɗinsa zai sa a gina masa a wata shida. Waccan guda ɗaya ce."

Ya faɗi abin da za a iya ba da ita a kasuwa. Kuɗin ba zai sayi gidan cikin gari ba. Da ƙyar zai mayar da abin da aka zuba mata a sanyin nan. Orville ya tsaya riƙe da tsumma, yana kallon jan fentin. Shi dai a saninsa, tun yana yaro, ana sayen motar tsere ne don ta yi gudu.

Ana cikin haka Vonda ta sauko, dafe da sandar matakala, ɗauke da tulun shayi mai sanyi. Ta zuba wa kowa, ta saurari ƙarshen maganar. Sannan ta tambayi baƙon ko ƙofar da yake nufi mai harafin da ya zubo ce. Ya ce ita. Ta ce to ya biyo ta, amma ya kula da takalminsa.

Ƙofar tana nan a matsayin ƙyauren garken kaji, an ɗaure ta da waya, jan fentinta ya koma ruwan ƙasa, sunan na nan ana karantawa. Ɗaya ƙofar tana toshe wata ɓaraka a shinge. Tsohon bodin yana bayan rumbu cike da itacen girki, kyanwa ta haihu a inda direba ke sa ƙafa, lotsawar tana nan a bayan tayar hagu, ta samu ƴan'uwa da yawa. Firam ɗin farko shi ne gadar da ake bi a tsallaka rafi zuwa lambu, an shimfiɗa masa katakai. Murfin gaban motar shi ke rufe famfon rijiya. Tsohuwar kujerar tana baranda, a kanta Vonda ke zama ta ɓare wake. Agogunan suna cikin wani kwali a ƙarƙashin matakala, don ta ce ba ta yarda a zubar da abu mai gilashi ba.

Brubaker ya durƙusa a gaban garken, gwiwarsa cikin kashin kaji, ya kai hannu kusa da harafin bai taɓa shi ba. Kunya ta kama Orville. Ya ce da ya san za a duba waɗannan da ya kankare tsatsar ya shafa musu fenti, kuma in za a ba shi kwana biyu zai yi. Baƙon ya miƙe da sauri, ya roƙe shi don Allah kada ya taɓa komai, kada ma ya wanke.

Saura inji. Orville ya ce wannan kam ya daɗe da tafiya. Delmer ya ce babu inda ya je, yana bakin hanyar gidansa, shi ke riƙe da sandar akwatin wasiƙu tun shekarar da samari suka dame shi da tuge ta. Aka ɗunguma aka je. Ga shi nan cikin ciyawa, sanda a tsaye a ɗaya daga ramukansa, Delmer ya shuka furanni a sauran. Baƙon ya goge wani gefe da hannun rigarsa, ya duba, ya ce shi ne.

"Sai dai fa a kawo mini wani abu mai nauyinsa," Delmer ya ce. "Mijin Yaya, wancan sabon da ka sa ma zai yi, tunda na ji an ce ba shi da amfani."

A ƙarshe aka daidaita a kan tsohuwar tayar tarakta.

Da aka koma gida aka zauna a teburin kicin, Brubaker ya juya wajen Orville zai fara ciniki. Vonda ta ce ya juyo nan. Ta ce duk abin da ya gani a tsakar gidan nan nata ne. Duk ranar da ta ce a kwashe mata wani tarkace daga ƙofar gida, amsar da take samu ɗaya ce: ki ɗauka, na ba ki, ki yi yadda kike so da shi. Ta tambayi mijinta ko ƙarya ta yi. Ya ce ba ta yi ba. Injin ma, ta ce, ita ta ba ƙaninta aro. Delmer ya buɗe baki, ta kalle shi, ya rufe.

Ta yi ciniki yadda take yi a kasuwar manoma, ba ta ɗaga murya, ba ta gaggawa, tana tura wa baƙon farantin burodin masara duk lokacin da ya yi shiru. Da ya faɗi kuɗinsa na ƙarshe, Delmer ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Kuɗin zai sayi gidan cikin gari, har a samu rara.

Sai Brubaker ya ce akwai sharaɗi ɗaya, kuma yana neman afuwa tun kafin ya faɗa. Ya ce darajar irin wannan mota a tarihinta take, tarihin kuwa ba ya ɗaukar mota biyu da suna ɗaya. Idan ya harhaɗa tsohuwar ya kafa ta a zaurensa, alhali mutumin da ya tuƙa ta yana nan da wata ja mai suna iri ɗaya, to kowa zai ce ta Orville ce ta gaskiya, tasa kwaikwayo. Don haka sai an goge sunan daga wadda ke gareji, a gabansa, kafin ya loda ko da ƙusa ɗaya.

Orville ya ce ba zai goge ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce tun daga ranar da ya fara zama a cikin motar nan babu wata safiya da ya tashi ba shi da ita. Ƙarfe ya cire ya sa ƙarfe, shi ke nan. A nuna masa ranar da ta daina zama ita. Abin da ke tsakar gida abin da ta tuɓe ne, kuma shi bai taɓa jin an ce tsohuwar riga ita ce mutum ba. Baƙon ya ce bai iya amsa wannan ba, shi dai ya san abin da masu zuwa kallo za su ce. Ya ce zai kwana a masauki cikin gari, ya dawo da safe, ko ya koma Ohio da kaya ko ya koma haka. Ya yi godiyar abinci, ya sauka matakalar.

Vonda ta kwashe kwanuka. Ba ta roƙe shi ba, ba ta tuna masa komai ba. Abu ɗaya ta ce, tana ba shi baya a wajen wanke-wanke.

"Sunana ne dai. Ban tuna an tambaye ni ba kafin a rubuta."

Orville ya fita zuwa gareji, Delmer na biye da shi. Suka zauna suna kallon motar, kamar yadda suka saba zama tun suna da gashi. Can Orville ya tambaye shi, tsakani da Allah, shi wacce ce motar a ganinsa.

"Kai ma ai haƙoranka ba naka ba ne," Delmer ya ce. "Ƙugunka ƙarfe ne, idonka ɗaya likita ne ya sa maka. Kuma Yaya ba ta ce ba kai ba ne."

"To ka gani."

"Sai dai kai babu mai saye."

Washegari Orville ya riga kowa fitowa. Ya buɗe ƙofar gareji, ya zauna a kan bokitin da baƙon ya zauna, yana shan gahawa. A ransa yana ta gina hujja, kuma hujjar tasa ba ta da rauni. Zai iya sayar da jar motar a matsayinta, ya ƙara da ƴan kayan aikinsa, ya je ya sake yi wa mai gidan cikin gari magana ko zai ƙara musu lokaci. Zai iya neman wani mai sayen da ba shi da sharaɗi. Ya san babu, amma mutum in yana son abu sai ya ƙirƙiro masa hanya ko da ta iska ce.

Daga inda yake zaune ana hango matakalar lambu. Vonda ta tsallako gadar ɗauke da kwandon tumatir. Ta ɗora kwandon a mataki na sama da ita, ta kama sanda, ta ɗaga ƙafar dama ta hau, sannan ta sa hannu ta ɗago ta hagu ta ajiye kusa da ita. Ta sake tura kwandon sama. Da ta kai tsakiya sai ta juya ta zauna, tana kallon kaji, kamar dama abin da ya fito da ita ke nan. Orville ya daɗe bai ga yadda take hawa ba. Da safe yana gareji, da yamma yana gareji, shi dai yakan ga tumatir a kan tebur.

Ya shanye gahawarsa. Ya tashi ya buɗe aljihun teburin aiki, ya zaɓi samfefa, ba mai kaushi sosai ba, don kada ta ci ƙofar. Ya turo motar waje inda haske yake, ya ɗebo ruwa a bokiti, ya durƙusa.

Ƙwararren nan ya yi aiki mai kyau, haruffan ba su fita da sauƙi ba. Lokacin da tirelar Brubaker ta tsaya a bakin hanya, ruwan bokitin ya koma ja, rabin sunan ya tafi. Baƙon ya hau tudun, ya tsaya nesa kaɗan, hularsa a hannu. Delmer ya iso da babbar motarsa ɗauke da tsohon injin, ƙasa da saiwar furanni na zuba daga ramukansa. Ya leƙo ta taga ya tambaya ko ta waye wannan jar motar. Orville ya ce ya je ya kwance wayar ƙyauren kaji, kuma ya samo abin da zai toshe wurin kafin su fita.

Ya ci gaba da gogewa har ƙofar ta zama fili, ja mai duhu babu sheƙi. Ya shafa tafin hannunsa a kai ya ji ko akwai inda ya tashi. Babu. Ya dafa taya ya miƙe da ƙyar, ya jefa samfefar cikin bokiti.

Vonda tana nan zaune a tsakiyar matakala, kwandon a gefenta.

"Orville," ta ce, "ƙofa biyu ce."

Ya sunkuya ya ɗauki bokitin, ya zagaya ɗaya gefen.